Baƙin Ƙyallen Gidan Biskonde

"Tsani kawai nake nema, Dita! Tsani da hannu ɗaya, shi ke nan an gama!"

"Don Allah ka rage murya, Tadeu..."

"Ba zan rage ba. Hunturu uku ke nan ina rage murya, har na fara manta yadda take."

Benedita, wadda yake kira Dita, ta waiga ta dubi gidansu, gidan mai sarautar Biskonde. Suna tsaye ne a gindin katangar lambu, inda rassan inabi suka yi musu rumfa. Daga nan ana hango babbar ƙofa, ana kuma hango abin da ke rataye a samanta. Baƙin ƙyalle ne mai kauri, ya lulluɓe dutsen da aka sassaƙa tambarin gidan a jikinsa.

Duk wanda ya tashi a ƙasarsu ya san dokar wannan ƙyallen. Ranar da mai sarauta ya rasu ake rataya shi, kuma hannun ɗan Adam ba ya sauke shi. Iska da ruwan sama ake bar wa, su ci shi a hankali har ya faɗo don kansa. Kafin ya faɗo, ba a kiɗa a gidan, ba a buɗe tagogin zaure, amarya ba ta fita ta wannan ƙofar.

"Makokin Babana ne fa," ta ce. "Kana so in sa a fizge shi kamar tsumman wanki?"

Jikinsa ya yi sanyi. Ya cire hularsa yana juya ta a hannu.

"Ni na rufe masa ido, Dita. Kin manta? Ni na zauna a bakin gadonsa ina ba shi magani yana tofar min da shi. Da bakinsa ya ce min, Likita, ka riƙe min yarinyar nan, littafi ya yi mata yawa, tana buƙatar wanda zai riƙa tuna mata da cin abinci."

Ta yi 'yar dariya, hawaye na biye da ita.

"To ka ƙara haƙuri kaɗan..."

"Yayana ya sake aiko min daga Brazil. Asibitin da yake yi wa aiki na neman likita. Idan aka gama tsinkar inabi akwai jirgin ruwa da zai tashi daga Porto."

"Za ka tafi?"

Ya kawar da kai.

"Tadeu! Ka dube ni. Za ka tafi?"

"Ba Brazil nake so ba, rabin raina. Wancan ƙyallen nake gudu. Kullum in na fito duba marasa lafiya sai na ɗaga kai na gaishe shi. Kuma bari in gaya miki, tunda nake aikin likita ban taɓa samun majinyaci mai saurin warkewa irinsa ba."

"Me kake nufi?"

"Makon jiya na ga ya yage ta gefen hagu, har na je na kunna kyandir a coci don murna. Yau ki duba. Ina yagewar take?"

Ta duba. Ƙyallen na nan lafiya lau, ya koɗe ya yi toka-toka, amma ko huda babu.

"Idonka ne ya nuna maka abin da zuciyarka ke so," ta ce a hankali. "Kowa ya san ƙyallen gidan Biskonde ba ya saurin faɗuwa. Na Kakana ma haka ya yi. Mutanen gari cewa suke alamar albarka ce."

"Albarka!" Ya mayar da hularsa. "To Allah ya ƙara albarka. Sai an jima, 'yar Biskonde."

Bai taɓa kiranta haka ba sai in ransa ya ɓaci. Ta tsaya tana kallon bayansa har ya sha kwanar rijiya.

A madafa ta tarar da Zulmira, mai dafa musu abinci tun Benedita na goye, tana yanka ganyen kabeji siriri-siriri don miya.

"Ah! Ga amaryar da ba ta da rana," in ji Zulmira. "Idon nan ja wur, ko albasar Likita ce ta shige shi?"

"Ki bar ni, Zulmira."

"Na bar ki? Ni da na ɗinka rigar bikinki a zuciyata har ta tsufa? Ki ci burodin nan tun da ɗuminsa. Gwaggonki na sama, tana goge wa matattu fuska."

Gwaggo Brites, ƙanwar mahaifinta, ita kaɗai ta rage mata a duniya. Ba ta taɓa aure ba. Ita ta raini Benedita bayan rasuwar mahaifiyarta, ita ta koya mata karatu, ita ta kwana a zaune lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da ita. Doguwa ce siririya, kullum cikin baƙaƙen kaya, kullum makullai na ƙara a ƙugunta.

Ɗakin hotuna yana bene, daidai saman babbar ƙofa. Hotuna biyu ne kacal a cikinsa, amma yadda Gwaggo ke kula da su sai ka rantse ɗari ne.

"Zo ki riƙe min kujera," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Kakanki ya yi ƙura."

Benedita ta riƙe. Ta san abin da zai biyo baya, don ta haddace shi kamar addu'a.

"Gaspar, Biskonde na farko na Ribadal," Gwaggo ta fara, tana shafa firam ɗin. "Mai kwale-kwalen fito ne, ba ma ɓoyewa. Shekarar da 'yan gidan sarauta suka yi yaƙi a tsakaninsu, kogi ya cika ya batse, kowa ya ƙi shiga. Shi ya tsallakar da sojojin sarauniya, sawu bayan sawu, har harsashi ya ɗauke masa yatsu biyu. Da ƙasa ta lafa aka kira shi Lisbon, aka ba shi sarauta..."

"Ta rai biyu," Benedita ta ƙarasa mata.

"Ta rai biyu. Shi da ɗansa. In ana son rai na uku sai an koma fada an roƙa." Ta matsa gaban hoto na biyu, muryarta ta sauka. "Inácio, Biskonde na biyu. Babanki. Mai taurin kai! Na yi, na yi, ya je ya roƙa miki, ko don mijin da za ki aura ya ɗauka. Ya ce shi ƙudan zumarsa ba za su yi kwana goma babu shi ba. Ƙudan zuma, Benedita! Ya sayar da sunan gida da ƙudan zuma!"

"Gwaggo... Tadeu zai tafi Brazil."

Hannun tsohuwar ya tsaya cak a kan hoton. Can ta ci gaba da gogewa.

"Duk suna tafiya Brazil," ta ce. "Miƙo min wancan tsumman."

Ranar Lahadi Gwaggo ta ce gwiwa ta hana ta zuwa coci. Ba sabon abu ba ne, tun rasuwar Baba gwiwar nan kan tashi wasu Lahadin. Benedita ta yafa mayafinta ta bi Zulmira.

Sai dai ba ta iya zama ba. Tadeu na can ɓangaren maza, ya sunkuyar da kai, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da Fada ya tashi yana sanar da sunayen waɗanda za su yi aure bayan kaka, sai ta kasa sauraron sauran. Ta dafa Zulmira ta ce kanta ke juyawa, ta sulale ta fita.

Garin tsit, kowa na coci, sai kaji da wani kare a bakin hanya. Tana shan kwanar rijiya ta ɗaga kai, kamar yadda ta saba.

Ta tsaya cak.

Tagar ɗakin hotuna a buɗe take. Gwaggo Brites ta zuro rabin jikinta waje, kanta a ƙasa, farin gashinta ya warware yana lilo. Hannu ɗaya ta riƙe bakin ƙyallen, ɗayan kuma yana kai da komowa... yana kai da komowa...

Ɗinki take yi!

Benedita ba ta san lokacin da ta haye benen ba. Ta rungumo ƙugun tsohuwar ta baya, ta janyo ta ciki, suka zube tare a kan daɓen katako. Allura na hannun Gwaggo, baƙin zare na biye da ita har waje.

"Gwaggo! Za ki kashe kanki!"

"Sake ni."

"Ke ce? Duk tsawon lokacin nan... ke ce?"

Gwaggo ta gyara zama, ta ɗaga haɓa kamar mai shirin yin faɗa.

"Ban karya doka ba. An ce kada a sauke shi. Ba wanda ya ce kada a gyara shi."

"Me na yi miki? Me Tadeu ya yi miki?"

"Ina ruwana da likitanki!" Muryarta ta fashe. "Yaron kirki ne, na sani. Kina tsammani don ke nake yi?"

"To don wa?"

Tsohuwar ta juya ta dubi hotunan nan biyu. Ta daɗe tana kallonsu.

"Muddin yana rataye, duk wanda ya wuce sai ya cire hula ya ce, gidan Biskonde na makoki. Har yanzu gidan Biskonde ne, kin gane? Har yanzu Inácio bai gama tafiya ba. Ranar da ya faɗo fa? Rai biyu sun cika. Sai dutse kawai, babu mai shi. Ke ki zama matar Likita. Ni kuma in zama wa? Ni 'yar Biskonde ce, ƙanwar Biskonde. Ban taɓa zama komai ba bayan wannan, Dita... ban taɓa ba."

Rabon da ta kira ta Dita tun tana ƙarama.

Benedita ta ji fushin da ta hawo da shi yana zagwanyewa. Ta dubi hannayen nan da suka yi mata wanka, suka tsefe mata kai. Yatsun sun kumbura, duk sun sha sukar allura. Ta dubi tagar, ta dubi nisan ƙasa. Wata Lahadin ba wanda zai dawo da wuri ya riƙe ta.

Ta share fuskarta da bayan hannu.

"Ba ni allurar."

"Me za ki yi da ita?"

"Idonki ba ya gani sosai, hannunki na rawa. Wata rana faɗowa za ki yi, in rasa uba in rasa uwa a ƙofa ɗaya. Daga yau ni zan riƙa ɗinkewa. Ki nuna min inda kika tsaya."

Ta zare allurar daga hannunta, ta miƙe ta leƙa ta tagar. Ƙyallen na warin ruwa da tsufa. Daga kusa ta ga aikin Gwaggo, ɗinki kan ɗinki, ƙanana, a jere, kamar sahun tururuwa. Ta kamo bakin yagewar ta soka allura. Hawaye ya hana ta ganin komai, ta soki yatsanta, ba ta ko ji ba. Ta ja zare. Ta sake sokawa.

A can nesa ƙararrawar coci ta fara bugawa. Yanzu Tadeu zai fito, ta faɗa a ranta. Zai ɗaga kai ya ga majinyacinsa ya sake warkewa...

"Ajiye."

Ba ta juyo ba.

"Na ce ki ajiye, Benedita!"

Aka fizgo ta ciki da wani irin ƙarfi da ba ta san Gwaggo na da shi ba. Fuskar tsohuwar ta yi fari fat, kamar wadda ta ga fatalwa.

"Wa ya koya miki wannan maganar?"

"Wace magana?"

"Idonki ba ya gani, hannunki na rawa, ba ni allurar..." Gwaggo ta dafe ƙirji. "Haka na ce wa mahaifiyata. A wannan tagar. Ranar Lahadi."

Benedita ta ajiye allurar.

"Da Babanmu ya rasu, ta kasa yarda makokinsa ya ƙare. Na kama ta kamar yadda kika kama ni, na karɓi allurar don tausayi. Akwai wani... Leandro sunansa. Yana koyar da kiɗa. Dariyarsa har bakin kogi ake jinta." Ta yi wani murmushi mai ciwo. "Ya jira iya jiransa. Da hannuna na ɗinke ƙofar da zan fita, yana tsaye a ƙasa yana addu'ar iska."

"Ina yake yanzu?"

"Duk suna tafiya Brazil, na gaya miki."

Sai kuka ya ƙwace mata, irin kukan da aka daɗe ana bin mutum bashinsa. Benedita ta rungume ta, suka yi ta yi tare, a gaban Biskonde na farko da na biyu.

Gwaggo ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta fyace hanci, ta laluba cikin makullan ƙugunta ta ciro ɗan ƙaramin almakashi.

"Riƙe min ƙugu da kyau."

"Gwaggo, doka fa..."

"Wa ya ce zan taɓa ƙyallen? Zarena zan karɓa. Nawa ne, da kuɗina na saya."

Ta leƙa, ta shiga tsinke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, tana zaro baƙin zaren tana tarawa a tafin hannu. Da ta gama ta rufe tagar, ta juyo da jajayen idanu.

"Abu ɗaya nake roƙonki. Kada kowa ya ji. Ko likitan naki. Mutanen garin nan sun yarda albarka ce ta riƙe ƙyallen kakanki da na babanki. Ki bar musu wannan."

"Na yi alkawari."

Sai kuma iska ta ɗauke ɗif!

Aka shiga tsinkar inabi cikin rana mai zafi, sama tas kamar an wanke ta. Amalanken shanu na wucewa da kwanduna suna ƙara, 'yan mata na waƙa a gonaki, ko ganye ba ya motsi. Ƙyallen ya saki jiki, ya yage nan da can, amma yana nan rataye. Kullum da safe Benedita kan tarar da Gwaggo a tsakar gida ta ɗaga yatsa sama tana neman iska.

"Yau kuma me ya samu uwar ɗakina?" in ji Zulmira. "Ko gwiwar ce ta koma yatsa?"

"Ki kula da tukunyarki, sarkin surutu."

Ranar da keken dokin Porto zai tashi, Tadeu ya zo sallama. Akwatinsa na can an ɗaure a saman keken, a bakin dandali. Ya tsaya a ƙofar gida riƙe da hula, bai ko ɗaga kai sama ba.

"Na zo in ce miki... ki riƙa cin abinci."

"Tadeu, ka ba ni ruwan sama guda ɗaya."

"Me?"

"Ruwan farko. Ka jira shi kawai. In ya zo ya wuce ƙyallen bai faɗo ba, ni da kaina zan raka ka Porto in ɗaga maka hannu."

"Dita, ruwa nawa muka gani ni da ke? Me ya bambanta wannan?"

"Ba zan iya faɗa maka ba."

"Ba za ki iya ba?"

"Na yi alkawari. Ka yarda da ni haka nan, masoyina, ba tare da dalili ba. Sau ɗaya tak."

Daga dandali mai keken ya busa ƙaho. Tadeu ya dubi hanya, ya dube ta. In wannan jirgin ya tashi, aikin ya tafi ke nan, ta sani, shi ma ya sani. Aka sake busa ƙaho. Ta runtse ido don kada ta ga tafiyarsa, ta ji takunsa yana nisa... yana nisa...

Ta jingina da ƙofa.

Can sai ta ji wani gurnani da haki. Ta buɗe ido. Ga Likita guda ya kinkimo akwati a ka, gumi ya jiƙa shi sharkaf, hularsa ta karkace.

"Littattafan da kika ba ni ne suka cika shi," ya ce yana nishi. "In bayana ya karye, ke za ki nemo wa garin nan wani likitan."

Ta fashe da dariya da kuka lokaci ɗaya.

Ruwan bai zo a wannan makon ba, bai zo a na bayansa ba. Sai wata ranar kasuwa da hantsi, hadari ya taso daga wajen teku, baƙi ƙirin. Iska ta fara kwasar rumfunan 'yan kasuwa, mata na bin kwandunansu da gudu. Benedita da Gwaggo suka fito ƙofar gida ko mayafi babu. Tadeu ya bar wani tsoho da yake dubawa da baki a buɗe, ya taho a guje.

Ƙyallen ya kumbura kamar filafilin jirgin ruwa da iska ta cika. Ya bugi dutse, ya sake bugawa. Sai ji kake ƙiiii! Ya tsage daga sama har ƙasa, ya yi juyi ɗaya a iska, ya sauko ya kwanta a cikin taɓo.

Mutanen da suka fake a gindin katanga suka cire huluna.

Ruwa na wanke dutsen. A hankali tambarin ya fito, ɗan kwale-kwale a kan igiyar ruwa, taurari uku a samansa, sai kambin sarauta a can ƙoli. Gwaggo Brites ta ɗaga kai tana kallo, ruwa na bin fuskarta, ba ka iya bambance shi da hawaye.

"Sauka lafiya, Inácio," ta ce a hankali. "Ka gaida Baba. Ka ce masa mun riƙe iya riƙonmu."

Benedita ta kama hannunta. Tadeu ya cire kwat ɗinsa, maimakon ya yafa wa amaryarsa sai ya yafa wa tsohuwar.

"Mu shiga ciki, Gwaggo, kada sanyi ya kama ki."

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Wa ya ba ka izinin kirana Gwaggo?"

"Ba kowa. Gwadawa nake in ji ko ya zauna."

"Hmm." Ta ƙara jan kwat ɗin a kafaɗarta. "Ya zauna. Amma ka goge ƙafarka kafin ka shigar min gida."

A wannan yammacin aka buɗe tagogin zaure, Zulmira na ta guɗa tana korar ƙura. Gwaggo ta sa aka sauko da wani tsohon akwati daga rufin ɗaki. A cikinsa akwai farin yadi a naɗe, ya ɗan yi ruwan ƙwai ta gefe, ba a taɓa sa masa almakashi ba. Ba wanda ya tambaye ta na wane biki ne.

Ta shimfiɗa shi a cinyarta kusa da taga, ta ciro allurar nan, ta ɗaga ta ga haske tana kanne ido. Ta gwada, ta sake gwadawa, sannan ta miƙa wa Benedita.

"Zura min zare, Dita, idona ba ya gani." Ta shafa yadin da tafin hannu. "Fari za ki sa."